Ledar da Ba Ta Kai Teku Ba: Sharhi a Kan Fim Ɗin A Plastic Ocean

Fim ɗin da zan yi magana a kansa ba sabo ba ne. Tun shekarar 2016 ya fito, kuma na tabbata da yawa daga cikin 'yan'uwa masu karanta wannan rubutu sun riga ni ganinsa, musamman na Kano da Zariya da Maraɗi waɗanda intanet ba ta yi musu rowa kamar yadda take yi mana. Ni a katin waya na same shi daga wajen wani abokin aiki, da fassarar Larabci tana gudu a ƙasa. Sau uku na kalle shi. A karon farko har ƙwalla na yi. A na biyu na ɗauki biro ina kwafar alƙaluma don shirin da nake gabatarwa a rediyo. A na uku kuwa sai na ji wani abu yana ci mini rai, kuma shi ne ya jawo wannan sharhi.

Ni mutumin Doka ne, wani gari a jihar Gadarif ta gabashin Sudan, kan hanyar da ta tashi daga birnin Gadarif ta nufi Gallabat a iyakar Habasha. Ƙasar noman dawa ce da riɗi, baƙar laka mai tsagewa da rani, mai riƙe ƙafa da damina. Kakanninmu Hausawa ne da hanyar Makka ta kawo su nan suka zauna. Tsakaninmu da teku mafi kusa, wato Bahar Maliya, tafiyar ɗaruruwan kilomita ce, mahaifiyata ma har yau ba ta taɓa sa shi a ido ba. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san daga inda nake tsaye nake kallon fim ɗin da sunansa ma teku ne.

Bari in fara da ba shi haƙƙinsa. Craig Leeson, ɗan jarida daga Ostireliya, ya fita ne da niyyar ɗaukar hoton ƙatuwar dabbar tekun nan da Larabawa ke kira hut, shuɗiyar, wadda babu dabbar da ta kai ta girma a duniya. Ya same ta a tekun Siri Lanka, amma ya sami kuma tarkacen roba yana yawo a cikin ruwan da take ninƙaya. Daga nan tafiyar ta sauya. Shi da Tanya Streeter, gwanar nutso da ke nitsewa can ƙasa da numfashi ɗaya tak, suka zaga wurare 20 cikin shekara 4. Fim ɗin ya gyara mini wani kuskure da na daɗe da shi, domin a da na ɗauka akwai wani tsibirin shara a tsakiyar teku da mutum zai iya takawa. Ashe mafi yawan robar rana da igiyar ruwa sun riga sun farfasa ta, ta koma ƙanana-ƙanana kamar tsaki a cikin ruwa, kifi yana haɗiya, mutum yana cin kifin.

Wurin da ya fi ko'ina ƙarfi a fim ɗin shi ne tsibirin Lord Howe. Wata masaniyar tsuntsaye, Jennifer Lavers, ta farke cikin wani mataccen ɗan tsuntsun teku, aka riƙa zaro gutsattsarin roba ana jerawa, fiye da 200 daga ciki guda. Iyayensa ne suka ciyar da shi da su, a zatonsu abinci ne. A nan masu fim ɗin sun yi abin da mu 'yan rediyo muke yawan kasawa, wato sun rage surutu sun bar abin ya yi magana da kansa. Akwai kuma wani wuri a ƙasar Fiji inda aka nuna iyali suna hura wutar girki da roba, aka auna hayaƙin da suke shaƙa. Wannan kam kamar a tsakar gidanmu aka ɗauka, don kuwa da leda ake kunna gawayi a gidaje da yawa a nan, kuma na san haka abin yake a Kano.

To, ina matsalar take?

Matsalar ita ce a idon wannan fim, tudu hanya ce kawai. Duk ledar da aka yar a kan ƙasa, labarinta bai fara zama abin tausayi ba sai ranar da ta isa teku. Ko da ya nuna talakawa, kamar masu zama a gefen tsaunin shara a Manila da mutanen tsibirin Tuvalu, mutanen bakin ruwa ne. Mai kallo zai tashi da fahimtar cewa kogi bututu ne, ka zuba a nan ya fita a can, kuma wanda aka zalunta yana can ƙarshen bututun, kunkuru ne ko tsuntsu. Wanda ke zaune a tsakiyar bututun, irina da irinku, mai laifi ne kawai.

Ban gane haka da kaina ba, wani dattijon mahauci ne a kasuwar Doka ya ganar da ni. Na miƙa masa waya ya kalli wurin tsuntsun nan, ina jira in ga ya girgiza kai. Ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini wayata, ya ce, "Ɗana, wannan ne ya sa ka kuka? Gobe in ka yi asuba ka same ni a kwata."

Na je. Tunkiya ce aka yanka, ramammiya, amma da ƙaton ciki kamar mai juna biyu. Da ya tsaga tumbin sai ya ciro wani dunƙule baƙi ƙirin, ledoji sun murɗe da igiyar buhu da tsumma, sun cure sun yi tauri har wuƙa ba ta shiga. Ya ɗora mini a hannu. Na ce, "Baba, ana samun irin wannan da yawa?" Ya ce, "Da rani ka tambaye ni wadda ba ta da shi."

Yadda abin yake faruwa ba wani boyayyen ilimi ba ne. Leda tana ɗauke da ƙanshin abin da aka zuba a cikinta, gishiri ko mai ko ragowar wake, dabba kuma da rani yunwa ta ishe ta, sai ta haɗiye. Tumbi ba ya narkar da roba, kuma ba ta wucewa. Ta yau ta tarar da ta jiya, su sarƙe, a hankali su cinye wurin da ciyawa za ta zauna. Dabbar tana jin ta ƙoshi alhali tana ramewa, nono ya ɗauke, gashi ya tashi. Mai ita ya sayi maganin tsutsa, ya sake saya, wani ma ya ce baki ne ko sammu, daga ƙarshe ya sayar wa mahauci a wulaƙance kafin ta mutu a hannunsa. A wurinmu akuya ita ce asusun bazawara, ita ce kuɗin makarantar yaro da kuɗin asibiti. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Lokacin da Muritaniya ta haramta leda a farkon 2013, wani jami'in ma'aikatar muhallinta ya shaida wa BBC cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na shanu da tumakin da ke mutuwa a birnin Nuwakshot leda ce ke kashe su. A Dubai, cikin raƙuma kusan 30,000 da likitocin dabbobi suka duba gawarsu tun daga 2008, an sami kimanin 300 da irin wannan dunƙule a ciki. Fim mai tsawon fiye da awa ɗaya da rabi bai ga ya dace ya tsaya a kan tumbin tunkiya kamar yadda ya tsaya a kan cikin tsuntsu ba.

Wani zai ce ai sunan fim ɗin teku, don me zan tuhume shi da rashin zuwa kwata? Gaskiya ne, kuma da a fim ɗin kaɗai abin ya tsaya da ban ɓata takarda ba. Sai dai wannan kallon ya shiga har cikin lissafin masana, daga nan ya shiga bakin 'yan jarida, ni ma ya shiga nawa.

Adadin da fim ɗin ya dogara da shi, wanda kowa ya haddace, shi ne tan miliyan 8 na roba ke shiga teku duk shekara. Asalinsa binciken Jenna Jambeck ne da abokan aikinta na 2015, wanda ya ƙiyasta tsakanin tan miliyan 4.8 da 12.7 a shekarar 2010. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sharar mutanen da ke zaune cikin kilomita 50 daga bakin teku kaɗai aka lissafa, a ƙasashe 192. Ke nan Doka ba ta ciki. Kano ba ta ciki, Sakkwato ba ta ciki, jamhuriyar Nijar kuwa gaba ɗayanta ba ta ciki tunda ba ta da teku. Ba laifin masu binciken ba ne, sun faɗi abin da suka auna. Mu ne muka ɗauki awon teku muka mayar da shi awon matsalar baki ɗaya.

A 2017 wani bincike daga Jamus, na Christian Schmidt da abokansa, ya ce koguna 10 ne ke ɗauke da kashi 88 zuwa 95 cikin 100 na robar da koguna ke kaiwa teku, 8 a Asiya, 2 a Afirka, wato Nilu da Neja. Na karanta wannan labari a rediyo, kuma in faɗi gaskiya da wani irin alfahari na karanta shi, irin na wanda aka ambaci garinsu a labaran duniya ko da a kan abin kunya ne. Ga kogin ƙasar da aka haife ni, ga na ƙasar kakannina, duk a jeri ɗaya. Ban tsaya na tambayi yadda aka yi awon ba, alhali abin da aka fara koya mana ke nan a ajin aikin jarida. Ƙiyasi ne aka gina a kan yawan jama'a da yawan sharar da ba a kwashewa a yankin kowane kogi. Babu wanda ya zo ya tsaya a gadar Atbara yana ƙirga leda.

A 2021 sai ga wani binciken, na Lourens Meijer da abokansa, ya juya maganar. Ya ce koguna fiye da 1,000 ne ke ɗauke da kashi 80 cikin 100, kuma ƙananan kogunan birane da ke dab da teku su ne kan gaba, irin su Pasig na Manila a ƙasar Filifin. Manyan koguna masu dogon zango, irin namu, suka sauka ƙasa a jerin. Dalili kuwa shi ne robar da aka yar nesa da teku da wuya ta kai can. A lissafinsu, abin da ke isa teku ta koguna bai wuce kusan kashi 2 cikin 100 na robar da aka yar barkatai ba. Na ga masu murna da wannan, wai an wanke Nilu. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, domin in ba ta kai teku ba, to tana ina?

Ku biyo ni mu bi leda ɗaya daga kasuwar Doka. Iska ta ɗauke ta ta maƙala a jikin ƙaya. In akuya ba ta riga ba, ruwan Yuli ko Agusta ya wanke ta zuwa ƙoramar da muke kira khor, wadda ba ta gudu sai da damina. Ruwan yankinmu ko dai ya gangara yamma zuwa kogin Rahad, ko gabas zuwa Atbara. In ta bi Atbara, ga madatsar Atbara ta Sama da Setit da aka buɗe a 2017, ga ta Khashm al-Girba ta 1964 a gabanta. In ta tsallake waɗannan ta shiga Nilu, ga Marawi ta 2009, ga babbar madatsar Aswan a Masar. In ta Rahad ta bi, sai ta faɗa Shuɗin Nilu kusa da Wad Madani, ta ratsa Khartum, ita ma Marawi da Aswan na jiran ta. Wace leda ce za ta ci wannan jarrabawa har ta ga Bahar Rum? Mafi yawansu ko khor ɗin ba sa gamawa. Ruwa na janyewa a watan Oktoba za ka gan su rataye a jikin dushe da aduwa, layi guda, daidai inda ambaliya ta tsaya. Wasu laka ta binne su a gona, garma ta tono su baɗi. Wasu kuma suna cikin hafir, wato tafkin da ake haƙawa a tara ruwan damina, wanda mutum da dabba ke sha har rani ya ƙare. Wadda ta kai kogi ma ba ta tafi ba. Wani bincike da aka yi a Alƙahira a 2020 ya sami ɓurɓushin roba a cikin fiye da kashi 75 cikin 100 na kifin Nilu da aka duba, karfasa da tarwaɗa. 'Yan'uwanmu masunta da ke kamun kifi a bayan madatsun nan su suka faɗo mini a rai.

Abin da ya sa na nace a kan ƙirga shi ne na ga abin da take haifarwa. Ƙasashen Turai da ke gaɓar Atlantika suna da tsari: a ware mita 100 na bakin teku, a je sau huɗu a shekara, a tsince duk abin da aka gani, a rubuta irinsa da yawansa. Shekara da shekaru ana haka, har aka san abubuwa goma da suka fi yawa a gaɓar tekunsu, kuma a kan wannan jerin Tarayyar Turai ta gina dokarta ta 2019 da ta hana irin su tsinken shan lemo da cokulan roba. Mu namu bakin tekun shi ne layin ƙayar nan da ke gefen khor, da tumbin dabba a kwata, da magudanar Jakara ga mutanen Kano. Babu mai zuwa da takarda.

Ɓangaren mafita shi ne mafi rauni a fim ɗin, kuma ba zan daɗe a kansa ba. An nuna injin mayar da kwalba a karɓi kuɗi a Jamus, an nuna na'urar ƙone shara da aka ƙera wa jiragen ruwan yaƙin Amurka, an nuna Leeson yana bin shagunan abinci yana neman a sallame shi ba da roba ba. Duk nasiha ce ga mai zaɓi. A kasuwarmu akwai abin da ake kira gadar zurufak, ma'ana daidai ƙarfinka: man girki na cokali biyu, sukari na shayi ɗaya, omo na wanki ɗaya, kowanne a ƙulle a 'yar leda. Matar da ke sayen mai na yau kaɗai ba ta da halin sayen galan, leda ita ce mudunta. Yarinyar da ke tallan dandurma, wato ƙanƙarar kuka ko zoɓo a leda, da ita ake cefane a gidansu. Ka ce musu su ƙi leda, ka ba su me? Kakata da guffa take zuwa kasuwa, kwandon kaba da ke shekara biyu bai mutu ba, kuma har gobe ana saƙa shi, amma guffa ba ta riƙe mai. Sannan fim ɗin ya yi sanyi ƙwarai a kan masu ƙera robar. Wanda ke son wannan ɓangaren sai ya nemi The Story of Plastic na Deia Schlosberg, na 2019, wanda ya bi sawun roba har rijiyar man fetur. Doka kuma ita kaɗai ba ta isa ba. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, an kuwa ga canji saboda an bi da tsanani. Nijar ta yi tata dokar a 2014, sai 'yan'uwa na Maraɗi su faɗa mana ko leda ta ɓace a kasuwarsu.

Tunda muna cikin marubuta, bari in taɓa namu gidan. Na karanta littattafan Hausa na zamani da dama, waɗanda matafiya ke kawo mana da waɗanda ake turawa ta waya, kuma leda ta cika su. Saurayi ba ya zuwa zance sai da leda, Alhaji ba ya shigowa gida sai da ledoji niƙi-niƙi, a finafinan Kano ma da girman leda ake auna zurfin so. Amma ban taɓa karanta inda marubuci ya bi ledar nan bayan an cinye kazar ba. Tana shiga labari, ba ta fita. Muna da labarin bazawarar da akuyarta ɗaya ke ramewa tana zargin kishiyar da ta fitar da ita, alhali ledar tsiren da sabon manemi ya kawo mata ce a cikin akuyar. Wannan kyauta na bayar, duk mai so ya ɗauka.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a waya ana tsakiyar shiri. Tun Afrilun 2023 ƙasarmu ke cikin yaƙi, jihar Gadarif ta cika da waɗanda suka gudo daga Khartum da Jazira da Sinnar, ga sansanin Um Rakuba nan kusa da mu da 'yan gudun hijirar Habasha tun ƙarshen 2020. Wani mai sauraro ya ce, "Ustaz, mutane na neman inda za su kwana kai kana zancen leda?" Ban ji haushinsa ba, kuma ba ni da amsar da za ta gamsar da wanda aka kora daga gidansa. Abin da na ce masa shi ne a shekarar 2023 kwalara da zazzaɓin dengi suka ɓarke a jihar nan. Sauron dengi a ɗan ruwan da ya kwanta cikin gorar roba da yagaggiyar jarka da tsohuwar taya yake ƙyanƙyasa, magudanar da leda ta toshe kuma ita ke mayar da ƙazanta cikin unguwa. Yawan jama'a ya ƙaru, komai a leda yake zuwa, masu kwasar shara kuwa ba su ƙaru ba.

Bayan damina na koma wajen dattijon nan da wata shawara. Na kai masa gwangwanaye biyu, na ce duk dabbar da ya yanka ya jefa ƙwallon dabino a na farko, in ya sami leda a tumbinta ya ƙara jefa wani a na biyu, ni kuma duk Juma'a in zo in ƙirga in rubuta, tare da irin dabbar da unguwa ko ƙauyen da aka kawo ta. Ba zan ba da adadi a nan ba, domin mahauci ɗaya da 'yan watanni ba su isa a kafa hujja da su ba, kuma na riga na ji kunyar karanta alƙaluman da ban bincika ba sau ɗaya. Ya karɓi gwangwanayen yana dariya, ya ce, "To in ka tara, wa za ka kai wa?" Na ce zan karanta a rediyo, in Allah ya sa wasu mahautan a Gadarif da Hawata su ji su ma su fara. Ya yi shiru, ya goge wuƙarsa a gefen teburi, sannan ya ce, "Ka karanta, amma kada ka kama sunana. In mutane suka ji, cewa za su yi naman wajena ne mai leda, su koma wajen maƙwabcina, alhali daga garke ɗaya muke saye."